Zane a Kan Kwamfutar Allo: Tarken Ayyukan David Hockney da Martanin Masu Kallo

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba wani nau'in zane da ya ɓullo a Turai da Amurka tun daga wajen shekarar 2009, watau zanen da ake yi da yatsa ko da wani alƙalami na musamman a kan fuskar ƙaramar kwamfuta ta hannu, sannan a yi tarken yadda masu kallo suka karɓe shi. Masu wannan sana'a suna da yawa ƙwarai, saboda haka an zaɓi ayyukan mutum ɗaya, David Hockney na ƙasar Ingila, su zama ginshiƙin nazarin. Dalili kuwa shi ne, ya riga ya yi suna a zanen fenti da buroshi kusan shekara hamsin kafin ya taɓa wannan na'ura, don haka ba a iya cewa rashin iya aikin gargajiya ne ya kai shi gare ta. Har ila yau, a kan ayyukansa ne aka fi yin musu a jaridu da zaurukan baje koli. Abin da maƙalar za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a duk wannan musu abu ɗaya masu kallo suke nema, watau shaidar hannun mai zane, kuma ayyukan Hockney sun fi ƙarfi a inda aka bar su a siffarsu ta asali, sun yi rauni a inda aka yi musu shigar zanen fenti.

Ya kamata a fara da daidaita suna. Kalmar da Turawa suke kiran wannan na'ura da ita tsohuwar kalma ce wadda asalin ma'anarta ita ce faffaɗan dutse ko katako da ake rubutu a kai. Larabawa ma da suka zo raɗa mata suna sai suka jingina ta ga kalmar lauhu, wadda daga gare ta Hausa ta sami kalmar allo. To, tun da haka ne, ba a yi nisa ba idan aka kira ta kwamfutar allo, kuma sunan da za a yi amfani da shi ke nan a nan gaba. Sunan ya dace ta wata fuska ma: allo abu ne da ake riƙewa a hannu ko a ɗora a cinya, a rubuta, a wanke, a sāke rubutawa, ba tare da ya ƙare ba.

Mai zanen da na'urorinsa

An haifi Hockney a garin Bradford cikin lardin Yorkshire a shekarar 1937. Ya yi karatun zane a Kwalejin Fasaha ta Sarauta da ke Landan daga 1959 zuwa 1962, daga baya ya koma Los Angeles ta Amurka, inda ya yi zane-zanen tafkunan wanka da suka fito da sunansa. Wani zanen tafkin wanka da ya yi a 1972, an sayar da shi a gwanjo a New York cikin watan Nuwamba na 2018 a kan dala miliyan 90.3. Amma tun da daɗewa an san shi da son gwada kowace sabuwar na'ura. A 1982 ya shiga harhaɗa ƙananan hotunan kyamara ta Polaroid su ba da hoto guda. A 1986 ya yi zane da injin kwafin takardu na ofis. A 1989 da aka gayyace shi babban baje kolin birnin Sao Paulo na Burazil, ta injin faks ya aika da aikinsa. A 2001 kuma ya fitar da littafi mai suna Secret Knowledge, inda ya yi da'awar cewa manyan masu zanen Turai na ƙarnonin baya sun taimaki idonsu da madubi da gilashin ƙara gani. Masana da yawa ba su yarda da shi ba, amma littafin ya bayyana aƙidarsa sarai: a wurinsa buroshi ma na'ura ce, bambancinta da sauran kawai ta riga su tsufa.

A wajen 2009, yana zaune a Bridlington, wani gari a gaɓar tekun gabashin Yorkshire, ya fara zane da babban yatsansa a kan wayar iPhone, ta hanyar wata manhaja mai suna Brushes. A shekarar ce kuma mujallar The New Yorker ta buga bangonta na ranar 1 ga Yuni da zanen da Jorge Colombo ya yi da wannan manhaja yana tsaye a bakin titi. Da kamfanin Apple ya fitar da iPad a watan Afrilu na 2010, Hockney yana cikin waɗanda suka fara rungumar ta. Abin da ya fi zanawa a wannan lokaci shi ne furannin da ke cikin tulu a bakin taga, da ɓullowar rana kamar yadda yake hango ta daga kan gadonsa. Yana gamawa sai ya aika wa abokansa, su tashi da safe su tarar da sabon zane a wayoyinsu.

A nan akwai abin lura wanda shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Mai zanen fenti da ke son kama hasken asuba yana cikin tsaka mai wuya. Idan ya zauna cikin duhu, ba ya ganin launukan da yake damawa. Idan ya kunna fitila, ya kashe abin da ya tashi zanawa. Kafin ya wanke buroshi ya sauya launi kuma, sararin sama ya riga ya sauya nasa. Kwamfutar allo ta warware wannan matsala, domin fuskarta da kanta take ba da haske, kuma sauya launi bai wuce taɓawa ɗaya ba. Launin fenti haske ne da ya faɗa a kan ƙyalle ya dawo wa ido, na kwamfutar allo kuwa daga bayan gilashi yake fitowa kai tsaye. Saboda haka jan da ke bakin gajimare a waɗannan ƙananan zane-zane yana ci kamar garwashi, ruwan da ke cikin tulun gilashi yana ƙyalli irin wanda fenti ba ya kaiwa sai da dabara mai yawa. Wannan ita ce baiwar na'urar, kuma a waɗannan ayyuka na farko ne Hockney ya fi cin moriyarta.

Baje kolin farko na waɗannan zane-zane an yi shi ne a birnin Faris, a cibiyar Pierre Bergé da Yves Saint Laurent, daga Oktoba 2010 zuwa Janairu 2011, da sunan Fleurs fraîches, watau ɗanyun furanni. Waɗanda suka shirya shi sun yi hikima. An rage hasken ɗaki, aka jera wayoyi da kwamfutocin allo, kowace tana haskaka zanenta. Ana cikin baje kolin mai zanen yana ci gaba da aiko da sababbi ta intanet, ta yadda wanda ya zo a makon farko da wanda ya zo a na ƙarshe ba abu ɗaya suka gani ba. Wani abin da ya fi jan hankalin jama'a shi ne, manhajar tana riƙe da tarihin kowane layi da aka ja, tana kuma iya maimaita zanen daga fari har ƙarshe. Mutum yana tsaye zai ga farar fuska, sai launin bango ya shimfiɗu, sai kara ya miƙe, sai ganye, sai a goge wani wuri a sāke shi. Tun da aka fara rataye zane a bango, abin da mai kallo yake samu shi ne gamammen aiki. A nan sai ga shi ana nuna masa shawarar mai zane da kuskurensa da gyaransa, bi da bi.

Daga gilashi zuwa takarda

Gardama ta taso ne a 2012. Daga Janairu zuwa Afrilu na wannan shekara, cibiyar Royal Academy ta Landan ta ba Hockney manyan zaurukanta, mutane fiye da 600,000 suka shiga kallo. A zauren da ya fi girma aka rataye wani aiki da ya ƙunshi zane 51 na kwamfutar allo, tare da wani ƙaton zanen fentin mai da aka haɗa daga ƙyalle 32. Jigon aikin shi ne shigowar lokacin toho a kan wata hanyar karkara mai suna Woldgate, kusa da Bridlington. Wannan lokaci ne da Hausa ba ta da takamaiman suna dominsa, watau watannin da ke biyo bayan hunturun Turai, sa'ad da itatuwan da suka kaɗe ganye suke sāke tohowa. Ya riƙa zuwa wurin daga Janairu zuwa farkon Yuni na 2011, kowane zane kuma ranar da aka yi shi ita ce sunansa.

Dangane da zubi da tsari, aikin ba shi da makusa. Hanya ɗaya ce, amma mai kallo yana bin ta daga tsiraicin rassa da kududdufan ruwa na Janairu, zuwa koren da ya fara leƙowa a Maris da Afrilu, har zuwa fararen furannin da suke rufe shinge a Mayu. Saurin na'urar ne ya ba da damar haka, domin yanayin Ingila ba ya jiran kowa. Matsalar tana wajen yadda aka gabatar da su. An ɗauke zane-zanen daga fuskar gilashi wadda ba ta kai faɗin takardar wasiƙa ba, aka buga su da na'urar ɗab'i a kan takardu masu tsawon fiye da mita ɗaya, aka sa su a firam kamar zanen fenti. Da aka yi haka sai hasken ya tafi, tun da takarda ba ta ci da kanta. Abin da ya rage shi ne launi mai kaifi a kan shimfiɗa mai santsi.

Wanda ya saba kallon zanen fentin mai ya san cewa ana kallonsa sau biyu ne. Daga nesa a ga itace da hanya. Idan aka matso, itacen ya ɓace, a ga kaurin fenti, da sāwun gashin buroshi, da inda hannu ya danna da inda ya sassauta, da inda wani launi ya hau kan wani tun bai bushe ba. Wannan kallo na biyu shi ne ladan wanda ya yi tattaki ya zo zauren. A zane-zanen Woldgate, wanda ya matso ba ya samun wannan lada. Ɗige-ɗigen da suka ba da ganye daga nesa, a kusa sai a ga duk girmansu ɗaya, bakinsu ɗaya, domin manhaja ce ta zubo su daga ma'ajinta. Layin da ya yi kyau da yake siriri kamar zare, da aka faɗaɗa shi sai ya zama kamar igiyar roba. Wannan shi ne abin da 'yan tarke da dama suka yi kuka da shi a jaridun Landan. Brian Sewell, mai sharhin zane na jaridar Evening Standard, wanda dama an san shi da kaifin harshe, ya yi wa baje kolin kaca-kaca gaba ɗayansa. Ko da an cire zafin da ke cikin irin wannan suka, akwai gaskiya a ƙarƙashinta.

Sai dai kuma jama'a ba su bi 'yan tarke ba. Sun yi dogayen layuka, sun cika zauren, sun sayi katunan zanen. Ana iya cewa sunan mai zanen ne ya jawo su, kuma lalle akwai wannan. Amma akwai wani dalili. Yawancin masu shiga irin wannan zaure ba su matsawa kusa da bango, a tsakiya suke tsayawa su juya, kuma daga tsakiyar zaure aikin yana yin abin da aka yi shi dominsa: mutum yana ganin rabin shekara ta kewaye shi. Ke nan 'yan tarke da jama'a ba su saɓa a kan abu ɗaya ba, kowane ɓangare daga inda ya tsaya yake magana.

Wata tambaya da wannan baje koli ya tayar ita ce ta asali da kwafi. Tun a tsakiyar shekarun 1930 masanin nan na Jamus, Walter Benjamin, ya yi bayanin cewa zanen hannu yana da wani abu da za a iya kira kwarjini, wanda yake samuwa daga kasancewarsa guda ɗaya tak, a wuri ɗaya, da tarihinsa a jikinsa, kuma injin da ke yawaita kwafi yana zubar da wannan kwarjini. Zanen kwamfutar allo ya wuce inda Benjamin ya tsaya, domin shi ba shi da asalin ma da za a kwafa. Furen da Hockney ya aika wa abokai ashirin da safe, duka ashirin ɗin asali ne, ko kuma babu asali a cikinsu. A farko wannan bai dame shi ba, kyauta yake rabawa. Amma kasuwar zane ba ta iya ciniki da abin da ba ya ƙarewa. Dabarar da aka yi ita ce a buga adadi ƙayyadadde, yawanci kwafi 25 na kowane zanen Woldgate, mai zanen ya sa hannu ya rubuta lamba, a daina. Watau an ƙirƙiri ƙaranci da gangan, aka mayar da kwarjinin daga jikin zanen zuwa ga sa hannun da ke ƙasansa. Yana da kyau a lura cewa wannan sa hannu shi kaɗai ne wurin da yatsun mai zanen suka taɓa takardar.

Abin da mai kallo yake nema

Abubuwa biyu da suka faru, shekara bakwai da 'yan watanni a tsakaninsu, suna bayyana zuciyar masu kallo fiye da duk sharhin jarida. A watan Disamba na 2013 wani matashi ɗan Ingila mai suna Kyle Lambert ya saki hoton fuskar ɗan wasan fim Morgan Freeman, ya ce da yatsa ya zana shi a kan iPad da manhajar Procreate, cikin awa fiye da 200. Zanen ya yi kama da hoton kyamara har ba a iya rarrabewa, kowane gashin gemu da kowane tabon fata yana wurinsa. Ya haɗa da ɗan gajeren bidiyo mai nuna yadda aikin ya taso, miliyoyin mutane suka kalla. Nan da nan wasu suka ce ƙarya ce, hoton kyamara ne ya ɗauko ya bi shi da gogewa, sannan ya juya bidiyon baya. Shi kuwa ya musanta.

A watan Mayu na 2021 kuma, a cikin wani shiri na magajin garin Landan don jawo mutane su dawo tsakiyar birni bayan kullen annobar korona, Hockney ya sāke zana alamar tashar jirgin ƙasa ta Piccadilly Circus a kwamfutar allo. Alamar da aka sani da'ira ce ja da shuɗin layi a tsakiya. Tasa kuwa rawaya ce da shunayya, a karkace, har harafin ƙarshe na sunan tashar bai sami wuri ba, ya faɗo ƙasa. Jama'a suka yi ta ba'a a kafafen sada zumunta, wasu suna cewa ɗansu ɗan shekara biyar zai fi haka, wasu suna zana nasu don izgili.

An zargi na farko da cewa aikinsa ya yi kyau fiye da abin da hannu zai iya. An zargi na biyu da cewa nasa bai kai abin da ake tsammani daga gwanin hannu ba. Zargin biyu ne a baki, amma tambaya ɗaya ce a zuci: ina rabon mutum a nan, ina rabon na'ura? Mai kallon zanen fenti ba ya buƙatar yin wannan tambaya, domin ko bai taɓa riƙe buroshi ba, ya san wuyar abin, ya san cewa fenti yana zuba, yana ɓata tufa, kuma kuskure a cikinsa yana da tsada. Na'urar da ke aljihun kowa kuwa, wadda ke da maɓallin soke kuskure, ta rikita masa ma'auni. Idan zanen ya yi kyau sai ya ba na'ura yabon, idan ya yi muni ya ba mutum laifin. Game da alamar Piccadilly dai, masu ba'a ba su yi zalunci sosai ba. Wasa ce ta minti kaɗan, irin wadda za ta yi daɗi in aboki ya aiko ta da safe, amma da aka kafa ta a tashar da dubban mutane ke bi kullum, an ɗora mata nauyin da ba ta iya ɗauka.

Akwai wurare biyu da aikin ya sami mazaunin da ya dace da shi. Na farko shi ne tagar majami'ar Westminster da ke Landan, wadda aka buɗe a watan Satumba na 2018 don tunawa da mulkin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Hockney ya tsara ta a kan iPad, masu aikin gilashi na Barley Studio a birnin York suka yanka gilasai masu launi suka haɗa ta, tsawonta ya haura mita 8. Abin da ke jikinta itaciyar karkarar Yorkshire ce mai ƙaya da fararen furanni, a cikin shuɗi da ja da rawaya da kore. Shi da kansa ya lura cewa kwamfutar allo da taga 'yan uwan juna ne, duka biyu daga baya haske ke shigo musu. An sami masu cewa launukan sun yi ƙara da yawa a cikin tsohon gini mai natsuwa, kuma wannan magana ce ta ɗanɗano. Amma ba wanda zai ce an yi asarar wani abu tsakanin zanen da tagar, kamar yadda aka yi tsakanin zanen da takarda. Hasken da na'ura ta ba shi, rana ta karɓa ta ci gaba da bayarwa, ga kuma kauri da kumfa na gilashin da aka sarrafa da hannu sun cike gurbin sāwun buroshi.

Na biyu shi ne abin da ya faru a watan Maris na 2020. A lokacin Hockney yana zaune a wani gidan gona a yankin Nomandi na Faransa, inda ya koma a 2019. Ana tsakiyar kulle, an rufe gidajen baje koli, mutane suna ƙirga mamata a talabijin, sai ya saki zanen wasu furanni rawaya da suka fito a fili, da ɗan saƙo mai ma'anar cewa ba wanda zai iya soke zuwan lokacin toho. Zanen ya zaga duniya cikin kwanaki. Ba shi ne mafi gwaninta a cikin ayyukansa ba, amma da wuya a sami wanda aka karɓa da hannu biyu kamarsa. Dalili kuwa a fili yake. Ya isa ga mutane ta hanyar da aka haife shi, daga gilashi mai haske zuwa gilashi mai haske, a girmansa na asali, a ranakun da furannin suke tsaye a gona. Ba wanda ya tambayi ina asalinsa ko nawa ne kuɗinsa. Abin da abokansa kaɗan suke samu da safe a 2009, shi duniya ta samu.

Da aka buɗe gari sai aka koma gidan jiya. A 2021 Royal Academy ta rataye zane 116 na Nomandi da aka buga a takarda, tsohuwar muhawara ta dawo yadda take. A ƙarshen shekarar gidan tarihi na Orangerie a Faris, inda manyan zane-zanen Claude Monet na furannin ruwa suke, ya nuna wani dogon aiki da Hockney ya harhaɗa daga zane-zanensa na shekara guda, tsawonsa wajen mita 90. Ya ɗauki tsarin ne daga tsohon ƙyallen nan mai ɗinkin ado na garin Bayeux, wanda aka yi a ƙarni na 11, mai tsawon kusan mita 70, da ke ba da labarin cin Ingila da yaƙi a 1066. Wannan ya fi na Landan dacewa, domin ba a tsayawa a gabansa, tafiya ake yi a gefensa, hunturu ya wuce, furanni su fito, 'ya'yan itace su nuna, ganye ya zube. Mai tafiya ba ya neman sāwun buroshi.

A watan Mayu na 2024 kamfanin Apple ya saki tallar sabuwar iPad. A cikinta an tara fiyano da kakaki da gwangwanayen fenti da littattafai da kyamarori da mutum-mutumi a ƙarƙashin wani ƙaton injin matsa, aka murƙushe su har fenti yana tsartuwa, da injin ya ɗaga sai ga siririyar kwamfutar allo a wurinsu. Nufin masu tallar shi ne duk waɗannan suna cikin na'urar. Jama'a kuwa abin da suka gani shi ne ana niƙe kayan aikin hannu. Fushin da ya biyo baya ya kai kamfanin ya ba da haƙuri cikin kwana biyu, ya kuma fasa sa tallar a talabijin. Da yawa daga masu fushin da kwamfutar allon suke cin abinci. A lokacin kuwa an riga an shiga zamanin manhajojin ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake rubuta musu jimla ɗaya su fito da hoto cikakke ba tare da an ja layi ko ɗaya ba. A watan Agusta na wannan shekara kamfanin Procreate ya fito fili ya ce ba zai sa irin wannan fasaha a manhajarsa ba, masu zane suka yi ta yabonsa.

Ta haka matsayin mai zanen kwamfutar allo ya juya. Wanda a 2012 ake yi wa kallon ya bar hannu ya bi inji, a 2024 shi ne yake tsaye a ɓangaren hannu. Maimaita zane daga fari zuwa ƙarshe, wanda a Faris a 2010 abin sha'awa ne kawai, ya koma hujja: masu zane da yawa suna haɗa aikinsu da bidiyon yadda ya taso, don kada a ce inji ne ya yi musu. Sai dai wannan hujja tana da rauninta, kuma an ga haka tun a 2013, domin Lambert ya kawo bidiyonsa, masu shakka kuma a kan bidiyon suka kafa zarginsu.